Ga Ƙannena Masu Dawowa Gida Aikin Ikilisiya

Shekara bakwai na yi a Birmingham ta ƙasar Ingila, ina karatun tauhidi, ina kuma taimaka wa wata ƙaramar majami'a. Da na dawo aka tura ni wata ikilisiya a kudancin Kaduna, inda Bajju da Atyap da Ham suke sujada tare da harshen Hausa. Na iso da kwalayen littattafai da zumuɗi, a zatona tunda ƙasata ce babu abin da zan koya. Ƙanena, in kana shirin dawowa, cire wannan zaton daga ranka tun kafin ka hau jirgi.

A watana na biyu wani dattijon ikilisiya ya rasa ɗansa. Labari ya same ni ina shirya wa'azi, sai na tura masa saƙo ta waya, na ce zan zo ranar Alhamis in hakan ya yi masa. Haka na saba a can, ba ka faɗa wa mai makoki gida sai ka tambaya. Ranar Alhamis na tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, jama'a zaune, har da maƙwabcinsa Musulmi wanda tun ranar farko bai fasa zuwa ba. Dattijon ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya ce, "Sannu da zuwa, Fasto. Mun yi ta duban hanya." Bai ƙara komai ba, amma har yau maganar tana sukar zuciyata. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan. Na sha yin wa'azi a kan wannan, ranar da aka bukace shi a wurina kuwa ban yi ba. In ka ji rasuwa, ajiye abin da ke hannunka ka tafi. Ba jawabi ake jira daga gare ka ba, zamanka ake so.

Sai maganar lokaci. Na saba da sujadar awa ɗaya, saboda haka na rage wa Zumuntar Mata waƙoƙinsu zuwa guda ɗaya, ban shawarci kowa ba. Ba su yi mini gardama ba. Sun yi waƙarsu ɗaya da tulu da kacau-kacau, suka zauna shiru. Daga baya na gane cewa ayoyi ne suke ɗauka su mayar waƙa, kuma ga tsohuwar da ba ta iya karatu ba, nan ne take haddace Maganar Allah. Su ne kuma masu zuwa gaishe da marasa lafiya, su ne masu girki a gidan makoki. Na je gidan shugabarsu na ce, "Mama, na yi laifi, ki yafe mini." Ta ce, "Ɗana, ya wuce." Kada ka taɓa wani tsari a shekararka ta farko sai ka tambayi dattawa dalilin da ya sa ake yin sa.

Ka kuma kula da bakinka. Hausata ta yi tsatsa, Turanci yana ta kutsowa cikin wa'azi, tsofaffi suna kallona kawai. Mutanen nan tun 1932 suke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, sun san kalmominsa fiye da ni. Na koma karanta shi da ƙarfi kowace safiya har harshena ya warware. Na kuma daina cewa "a can Ingila", domin duk sanda na faɗa sai fuskoki su canja.

Dattijon nan da na makara zuwa makokin ɗansa, shi ne ya zo wata safiya bayan an haƙe citta ya ce in sa takalmi. Wata uku muna bin gida-gida da ƙafa, yana gaya mini wace ce gwauruwa, wane ne ya daina zuwa sujada saboda rikicin gona, wane gida ne ba a shiga sai an fara gaishe da kaka.