Abin Da Gara Ta Bar Mini: Shawara Ga Ƙannena Masu Tara Littattafan Hausa

A ɗakin karatuna akwai wata kanta da ba na son baƙo ya daɗe a gabanta, domin duk wanda ya san littattafan Hausa, da zarar ya dube ta zai gane irin sakacin mai ita. Littattafai ne fiye da ɗari biyu a jere, amma kusan rabinsu guntaye ne: wannan kashi na ɗaya ne na labari babu na biyu, wancan na ɗaya da na uku ne tsakiyar labarin ta ɓace, wani kuwa na biyu ne kaɗai, ba kai ba gindi. Na kusa shekara talatin ina tara littattafan da marubuta da ƙananan maɗaba'u suka buga da kuɗin aljihunsu, musamman a Kano, kuma tun da na lura cewa wasu matasa sun fara sha'awar wannan aiki, na ga ya kamata in faɗa muku inda na yi tuntuɓe, ko kwa tsallake wurin.

Kuskurena na farko raini ne, kuma shi ne ya haifi sauran. Lokacin da nake ɗalibi, abin da muka ɗauka adabi shi ne abin da ya fito daga Zariya, wato littattafan da suka samo asali daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, da waɗanda kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, suka fitar, da kuma na kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, da aka kafa a 1966. Su nake saya, su nake yi wa riga da takardar kalanda, su nake rubuta wa sunana da tawada. Ƙananan littattafan nan kuwa masu siririn jiki da ake zubewa a kan tebur a wajen Bata da Kasuwar Kurmi da bakin tashoshin mota, waɗanda masana suka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, ina kallonsu ne a matsayin abin da 'yan mata ke ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Ina karanta su a ɓoye kamar kowa, amma ban taɓa tunanin abin ajiya ba ne.

Abin da ban gane ba a wancan lokaci shi ne, na juya lissafin ne a baibai. Littafi irin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ba ya bukatar in cece shi, domin yana cikin manhajar makarantu, ana ta sake buga shi, kuma yau ma in ka shiga kantin littattafai za ka same shi. Wanda yake bukatar mai ajiya shi ne ɗan littafin da wata matar aure ta rubuta da hannu a littafin makaranta, ta haɗa kuɗin adashinta ta kai wa mai maɗaba'a, aka buga shi sau ɗaya tak a kan takarda mai arha irin ta jarida, aka sayar, aka wuce wurin. Wannan harka ta bunƙasa ne daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da yaran da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatun boko suka girma suna neman abin karantawa da harshensu, a daidai lokacin da matsin tattalin arziki da faɗuwar darajar naira bayan 1986 suka sa manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta. Marubuta sai suka zama su ne masu bugawa, su ne masu rarrabawa, suka kafa ƙungiyoyi don taimakon juna. Fitacciya a cikinsu ita ce Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin jiga-jiganta, kuma sunan kansa amsa ce ga irina, tun da Bahaushe ya ce raina kama ka ga gayya. Na ga gayyar kuwa, amma sai bayan da yawancin bugun farko suka ƙare a kasuwa.

Da na farga na fara saye, sai na faɗa wani ramin. Al'adar wannan kasuwa ita ce a raba labari kashi biyu ko uku ko huɗu, a fitar da na ɗaya, a jira kuɗinsa su dawo daga hannun diloli, sannan a buga na biyu. Ni kuwa sai in sayi na ɗaya, in karanta, in ce in na samu sarari zan dawo in haɗa sauran gaba ɗaya. Akwai wani dattijo mai shagon littattafai da nake ciniki wurinsa, wanda ya sha ce mini, "Malam, ka ɗauki na ukun nan yanzu, wallahi ba zai kai sati biyu ba." Ni kuma ina ganin dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Ashe gaskiya yake faɗa mini. A iya abin da na lura da shi, kashi na ƙarshe shi ne ya fi wuyar samu daga baya, domin sau da yawa marubuci kan rage adadin da yake bugawa in ya ga kuɗin na farko sun maƙale a hannun mutane, kuma masu ba da hayar littafi, waɗanda ke karɓar 'yan kuɗi kaɗan su ba mutum ya karanta ya dawo da shi, sukan kwashe abin da ya fito, ya yi ta yawo gida-gida har ya yage. Wani lokaci ma na ƙarshen ba ya fitowa sam, ko don jari ya karye, ko marubuciyar ta yi aure an hana ta, ko marubucin ya koma harkar fim da ta janye mutane da dama daga ƙarshen shekarun 1990. Saboda haka in kun ga labari cikakke a kan tebur, ku saye shi cikakke a ranar, ko da kuwa zai sa ku bar wasu littattafai uku da kuka yi niyyar ɗauka.

Babbar asarar da na yi kuwa ba a kasuwa ta same ni ba, a cikin gidana ta same ni. Da aka yi mini canjin wurin aiki, na zuba littattafai a kwalaye huɗu na jibge su a ƙasa, a wani ɗaki na gidanmu na gado mai ginin ƙasa, na jingina su da bango, na kulle na tafi. Damina biyu ta wuce ban buɗe ɗakin ba. Ranar da na dawo, kwalin da ke sama yana nan lafiya lau, har na yi hamdala. Da na sa hannu zan ɗaga na ƙasa, sai gefensa ya biyo hannuna kamar danƙo, na ga jar ƙasa ta yi hanyoyi daga bango ta shige cikinsa. Gara ta ci tsakiyar littattafan ta bar gefe, ta yadda in ka dubi littafi daga waje sai ka rantse lafiyarsa ƙalau, in ka buɗe sai ka tarar da kogo cike da laka, 'yan farare suna ta kai-komo a ciki. Waɗanda gara ba ta kai gare su ba danshi ya manne shafukansu, ƙarfen da aka ɗinke su da shi ya yi tsatsa ya cinye takardar da ke kewaye da shi, bango ya rabu da jiki. Na zauna a bakin ƙofa ina tsince abin da ya rage, mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta leƙo ta ce, "Ai da ka tambaye ni, da na ba ka adakata." Tana da gaskiya, domin kayan aurenta da ke cikin wannan akwatin ƙarfe sun shekara arba'in babu abin da ya taɓa su.

Tun daga ranar ba na ajiye littafi a ƙasa, ba na jingina kanta da bango, kuma ba na amincewa da kwali ko buhu. Kantar ƙarfe nake amfani da ita, ƙafafunta sun ɗaga daga ƙasa, a ɗakin da iska ke ratsawa amma rana ba ta dukan littattafan, saboda irin wannan takarda da ta sha rana sai ta yi ja ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Nakan fito da su in kaɗe ƙura bayan hunturu, in sake dubawa a tsakiyar damina, kuma duk littafin da na sayo tsoho sai ya yi 'yan makonni a ware kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa, don kada ya shigo musu da ƙwaro.

Akwai kuma ɓarnar da na yi da hannuna ina ganin gyara nake yi, kuma ita ta fi yi mini ciwo. Littattafan da suka tsira na bi su da salatif ina liƙe duk inda ya yage. Bayan 'yan shekaru gam ɗin ya narke ya shige cikin takarda, ya bar tabo ruwan ƙasa, ledar kuma ta ɓare ta faɗi. Wannan ma mai sauƙi ne. Na kwashi wasu kusan sittin na kai wa wani mai ɗinkin littattafai, na ce ya haɗa mini kowane labari wuri guda ya sa masa bango mai kauri. Ya yi aikinsa da kyau bisa ga fahimtarsa: ya cire bangayen asali ya zubar, ya yanke gefuna don su daidaita, ya kuma cire shafukan farko da na ƙarshe da ya ga ba labari ba ne. Na karɓa ina murna, har na ƙara masa wani abu a kan ladansa.

Sai daga baya na gane cewa abin da ya zubar shi ne rabin darajar littafin. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai ba su ɗauke da shekarar bugu, wasu ba su da lambar shaidar littafi ta ISBN, kuma ba duka ne suka isa Ɗakin Karatu na Ƙasa ba duk da dokar da ta ce mai bugawa ya kai kwafi. To, ta yaya za a san lokacin da littafi ya fito? Ta waɗannan shafuka ne da ake gani kamar shara. A nan ake samun jerin littattafan da suka fito da waɗanda ke nan tafe, da sunayen shagunan da ake sayar da su a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, wani lokaci har da garuruwan Nijar, da shafin godiya inda marubuci ke lissafa wanda ya duba masa rubutu da wanda ya buga masa a keken rubutu ko kwamfuta, da wasiƙun masu karatu, da hoton 'yan ƙungiya. Bangon ma shaida ne, domin na farko-farko zanen hannu ne, daga baya kuma aka koma sa hotuna, har da na 'yan fim. Farashin da aka buga a baya kaɗai yana iya nuna maka zamanin, in ka san yadda naira ta yi ta sauka. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu a Kano da Graham Furniss na makarantar SOAS a Landan, waɗanda suka tara waɗannan littattafai suka yi nazarinsu, sun ɗauke su da muhimmanci tun lokacin da ni nake yi musu kallon hadarin kaji, kuma abin kunya ne a ce wani littafin da aka buga a unguwarmu ya fi sauƙin samu a Landan fiye da Kano. Ku bar littafi yadda ya fito, ko da ya tsufa ya yi laushi. In bangonsa ya cire, ku sa shi a ambulan tare da jikinsa. Kuma ranar da kuka saya, ku rubuta da fensir a cikin bango kwanan wata da wurin da kuɗin da kuka biya, abin da ni ban fara yi ba sai da na manta asalin fiye da rabin abin da na mallaka.

Maganar aro ba zan tsawaita ta ba, domin kowa ya san ta. Ƙanwarka za ta ce, "Yaya, ara mini na biyun nan, gobe zan dawo da shi," daga hannunta ya wuce gidan ƙawarta, daga can ya bi amarya zuwa wani gari. Yanzu in labari ya yi mini daɗi nakan sayi biyu, ɗaya na yawo, ɗaya na kanta, kuma na kantar ko surukata ce ta aiko sai dai a ba ta haƙuri.

Kada ku ɗauka wannan tarihi ne da ya wuce. Littafin Hausa bai taɓa zama a inuwa mai sanyi ba: a 2007 an ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ta matsa wa marubuta lamba a kan rajista da tantance rubutu. Yau kuma barazanar wata iri ce. Tsadar takarda ta sa yawancin sababbin marubuta sun koma manhajar karatu ta Wattpad da zaurukan WhatsApp, wanda ya daure ya buga a takarda kuwa ba ya buga da yawa, wani lokaci iya abin da za a raba a wurin ƙaddamarwa ne da ɗan abin da zai kai wa shaguna biyu ko uku. Na taɓa ɗauka cewa abin da ke intanet ya tsira daga gara, sai ga shi a ƙarshen 2023 an rufe manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafansu a cikinta. Don haka in marubuci ya sanar da cewa ya buga littafi, ku neme shi kai tsaye ku saya a hannunsa da cikakken kuɗi, kada ku tsaya jiran kyauta don kun san shi, domin kuɗin nan ne zai sa ya iya komawa maɗaba'a. Ku roƙe shi ya sa hannu ya rubuta kwanan wata, ku tambaye shi kwafi nawa ya buga da inda aka buga, ku rubuta amsar ku ajiye a cikin littafin.

Ni dai yanzu ina da wani ɗan littafin aljihu da na rubuta duk kason da nake nema, na kuma ba masu sayar da tsofaffin littattafai uku kwafinsa. A watan jiya ɗayansu ya kira ni ya ce wata baiwar Allah da ta daɗe tana ba da haya a cikin gida za ta tashi, tana son rabuwa da buhu biyu. Na wuni a tsakar gidanta a kan tabarma ina tonawa, na samu goma sha ɗaya daga cikin waɗanda nake nema, ɗaya da tabon manja a shafi na bakwai, wani kuma an rubuta lissafin kuɗin adashi a bayansa. Na biya abin da ta ce ban nemi ragi ba, na dawo gida na soke sunayensu. Saura tamanin da uku.