Abin da huhun goro ya koya mini a ɗakin ajiyar magani

Kakan mahaifina falke ne, yana cikin waɗanda suka riƙa bin ayari daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Su kan ɗora wa jakuna kanwa da jan fata da baƙin rini, su haye Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu wadda ta yi ƙaurin suna da 'yan fashi, sannan bayan watanni su sauka Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, su sayi goro. Ko da yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar Salaga, bai ajiye fatauci ba, sai ya bi 'yan'uwansa zuwa wasu zangunan.

Mazan gidanmu jarumtarsa suke yawan ambata, amma ni maganar gwaggona ce ta zauna mini. Takan ce, "Ɗana, zuwa Gwanja ba shi ne wuya ba, kawo goron gida da ransa shi ne aikin." A cewarta, idan madugu ya ba da izinin sauka, kowa ya miƙe ƙafa, shi sai ya kwance huhu ya bi goron ɗaya bayan ɗaya, ya tsince wanda sankara ta taɓa, ya canza ganyen da ya bushe, ya yayyafa ruwa, ya sake ɗaurewa, domin ƙwaya guda da ta lalace tana iya cinye ribar tafiyar baki ɗaya.

Yau ni ke kula da ɗakin ajiyar allurar rigakafi a wani asibiti, inda akasarin alluran ke buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ƙa'ida ce a duba ma'aunin firji safe da yamma a rubuta. Aiki ne da ba mai yabon mutum a kansa, shi ya sa yake da sauƙin sakaci, musamman idan an ɗauke wuta kuma janareta ya ƙi tashi. Na koya cewa amanar tana ga wannan dubawar da babu mai gani, tunda uwar da ta goyo jaririnta daga ƙauye ba ta da hanyar sanin ko allurar da aka yi masa ta riga ta mutu a firji. Saboda haka duk sabon ma'aikacin da aka turo mini, kafin in miƙa masa makulli sai ya nuna mini ya iya karanta ma'aunin, ya kuma san wanda zai kira da tsakar dare idan sanyin ya fara raguwa.