Kaka ɗaya a tuddan Barolo

Ranar da na fara aiki a gonar inabi, tsohon da ke da gonar bai dubi fuskata ba, ƙafata ya duba. Wani kambas ne a ƙafata mai sulɓin ƙasa, wanda na saya a kasuwar Turin. Ya girgiza kai, ya shiga ɗakin ajiyar kayan aiki, ya fito da tsofaffin takalman roba ya ajiye a gabana. Na ɗauka raini ne. Bayan kwana huɗu aka yi ruwa da dare, da safe muka shiga gona, sai ga lakar nan mai ruwan toka ta kama kowace ƙafa kamar an ɗaura mata bulo. Wani ɗan Gambiya da ya ƙi canza nasa takalmin ya zame daga tsakiyar layi har gindin gangare, akwatin inabi na biye da shi.

A watan Satumba na 2021 ke nan. Shekara biyu na yi a Turin ina 'yan aikace-aikace kafin wani aboki ya ce ana neman hannu a Langhe, yankin tuddai da ke kewaye da garin Alba a jihar Piemonte, arewa maso yammacin Italiya. Ni ɗan manomi ne, gero da gyaɗa na taso ina nomawa, saboda haka na ce noma ai noma ne. Ban taɓa shan giya ba, kuma har na bar wurin ban ɗanɗana ba. Zan dawo kan wannan, domin na san shi ne abin da mai karatu zai fara tambaya.

Barolo sunan ƙauye ne, ƙarami ƙwarai, amma kuma sunan giyar inabi ce da doka ta ce ba a yin ta sai a cikin garuruwa 11. Biyar ne manya a harkar: Barolo, La Morra, Castiglione Falletto, Serralunga d'Alba da Monforte d'Alba. Sauran su ne Novello, Verduno, Grinzane Cavour, Diano d'Alba, Roddi da Cherasco. Duk gonakin da ke da izinin wannan suna sun ɗan haura hekta 2,000, wato idan ka hau dandalin La Morra a ranar da gari ya washe, kusan duka kana ganinsu da idonka, ga tsaunukan Alps can baya da farin rawani. An ba yankin matsayin DOC, wato shaidar gwamnati kan asalin giya, a 1966, aka ɗaga shi zuwa DOCG a 1980, wanda shi ne mataki mafi tsauri a dokar giyar Italiya. Kowace kwalba tana ɗauke da wata siririyar takardar gwamnati mai lamba a wuyanta.

Mun fara da tsinkar irin inabin da ake kira Dolcetto, wanda shi ne mai saurin nuna, sannan Barbera. Waɗannan biyun su ne na teburin yau da kullum a gidajen yankin, kuma ba a kiransu Barolo ko da a tsakiyar ƙauyen Barolo aka noma su. Barolo daga irin inabi guda ake yin ta, Nebbiolo, ba gauraye ko kaɗan. Shi kuwa Nebbiolo sarkin nawa ne. Shi ke fara toho a farkon shekara, shi ne kuma na ƙarshe wajen nuna. Sai cikin Oktoba muka taɓa shi, lokacin da hazo ke kwana a cikin kwari har hantsi, kan tuddai kaɗai ke leƙowa kamar tsibirai. Da Italiyanci ana ce wa hazo nebbia, kuma yawancin mutane daga nan suke cewa sunan ya fito. Tun ƙarni na 13 ake samun sunan wannan inabi a rubuce-rubucen Piemonte.

Kuskurena na farko gaggawa. Na saba da girbin gero, inda jarumi shi ne wanda ya fi tara dami. Sai na riƙa datse nonon inabi ina jefawa cikin akwati, ina cika shi har ya yi tozo. Tsohon ya zo ya ɗaga akwatin, ya nuna mini ruwan da ke ɗiga daga ƙasa. Fatar Nebbiolo siririya ce. In ka danne shi ya fashe tun a gona, ya fara tsami kafin ya isa gida, ga ƙudaje da zanzaro. Ya karɓi almakashin ya nuna mini: tafin hagu a ƙarƙashin nonon, a datse da dama, a juya shi a duba, a cire ruɓaɓɓu da busassu, sannan a kwantar da shi. Kada akwati ya wuce baki, saboda wani za a ɗora a kansa. Kuskure na biyu shi ne sa hannu cikin ganye ban ga inda yatsana yake ba. Tabon yana nan a ɗan alina na hagu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne maganar ƙasa. Tsohon yana da gonaki biyu na Nebbiolo, ɗaya a ɓangaren La Morra, ɗaya wajen Serralunga, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin a mota ba. Iri ɗaya, hannu ɗaya ke gyara su, amma ya hana a haɗa akwatunansu. Da na tambaye shi, bai yi dogon bayani ba. Ya ɗebo ƙasa a gonar La Morra ya murza mini a tafi: laka ce mai toka-toka da ɗan shuɗi, mai laushi, mai riƙe ruwa. Ranar da muka koma Serralunga ya sake ɗebowa: fara-fara, busasshiya, mai yashi da duwatsu, ƙasar da a garinmu za a ce ba ta da albarka. Daga baya ɗiyarsa, wadda ta yi karatun harkar, ta ƙara mini bayani. Duk tuddan nan ƙasan teku ne a da. Na Serralunga da Monforte sun fi tsufa, sun haura shekara miliyan 11, na La Morra da Barolo kuwa sun biyo baya. Giyar La Morra takan fito da ƙamshi da sauƙin kai, ana iya shanta da wuri. Ta Serralunga takan fito da tauri da bauri, sai ta shekara goma ko fiye a kwalba kafin ta sauko.

Wannan bai zame mini baƙo ba. Mahaifina ya san inda jigawa ta ƙare da inda fadama ta fara a gonarsa ko da ido rufe, kuma ba ya shuka abu ɗaya a duka biyun. Bambancin shi ne su a can sun rubuta wannan sanin a takarda sun mayar da shi doka. Tun a shekarun 1970 wani mai gona, Renato Ratti, ya zana taswirar gangaren da suka fi kyau. A 2010 aka tabbatar da sunaye 181 a hukumance, kowanne da iyakarsa: Cannubi, Brunate, Cerequio, Bussia, Ginestra, Vigna Rionda, Monvigliero da sauransu. In an rubuta ɗaya daga cikinsu a kwalba, to daga wannan gangaren inabin ya fito, kuma kuɗin kwalbar ya canza. Ina tsaye a nan na tuna albasar Galmi da ta Aliero, waɗanda kowa a kasuwa ya san sunansu amma kowa ma yana iya laƙaba wa tasa albasar sunan.

Dokar ba ta tsaya kan iyaka ba. Ba a yarda da gonar da ke kwance a gindin kwari ba, ba a yarda da wadda ta fuskanci arewa sak ba, kuma tsayin wurin sai ya kasance tsakanin mita 170 zuwa 540. Gangaren da ya fuskanci kudu suna kiransa sorì da harshensu na Piemonte. Tsohon ya ce kakanninsu ba su da na'urar awo, sai su jira ƙarshen hunturu su ga inda dusar ƙanƙara ta fara narkewa, nan ne wurin Nebbiolo. Inda ta daɗe ba ta narke ba, a ba Dolcetto ko itatuwan hazel, wata 'yar ƙwaya mai kama da gyaɗa da kamfanin Ferrero na Alba ke yin Nutella da irinta. A watan Afrilu na shekarar da na je an yi wani mugun sanyi da ya ƙone sabon toho a wurare da yawa, kuma ya nuna mini yadda layukan ƙasa suka fi na sama shan wahala, saboda iska mai sanyi gangarowa take yi ta kwanta a kwari kamar ruwa.

Akwai kuma iyakar yawan amfani: kada hekta ɗaya ta wuce tan 8. Saboda haka a tsakiyar zafi sukan bi layi suna yanke ɗanyun nonna suna zubarwa, don waɗanda suka rage su nuna da kyau. Ban ga wannan da idona ba, busassun da ke ƙasa kawai na tarar. Da aka gaya mini na ji zafi a raina, sai kuma na tuna mu ma muna rage gero bayan ya tsiro.

Tun da ba na sha, tsohon ya koya mini ta hanyar da shi ma yake bi kafin ya yanke ranar tsinka. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya, ka tauna fatar daban, ka tauna 'ya'yan ciki daban. In 'ya'yan kore ne masu ɗaci, da saura. In sun yi ruwan ƙasa suna ƙaras-ƙaras a haƙori, lokaci ya yi. Zaƙin Nebbiolo yana zuwa da tsami mai kaifi, sannan wani bauri ya kama dasashi ya busar da baki, kamar ka ci goro ko ɗanyar kanya. Wannan baurin dangin abin da ke cikin bagaruwa ne, wanda majema ke jeme fata da shi, kuma shi da tsamin ne ke sa giyar ta daɗe ba ta lalace ba. Abin mamaki, launinta ba duhu ba ne. Da ɗiyar ta ɗaga kofi a gaban taga, ja ne garai-garai, ana ganin yatsa ta cikinsa, bakinsa na komawa ruwan bulo in ta tsufa. Ƙamshin kam na ji shi ba tare da na nema ba, domin ya cika gidan: busasshen fure, da wani abu mai kama da kwalta a ranar zafi. Na ɗauka hancina ne ya lalace, ashe su ma da fure da kwalta suke kwatanta ta.

Bayan an matse, doka ta ce sai an jira wata 38 daga 1 ga Nuwamba, 18 daga ciki a gangar katako, kafin a sayar da sunan Barolo. In ana so a rubuta Riserva, wata 62. Maƙwabciyarta Barbaresco, wadda ita ma Nebbiolo ce zalla daga can ɗaya gefen Alba, wata 26 take jira. Kan gangar nan aka yi rigima a shekarun 1980. 'Yan gargajiya suna barin fatar inabi cikin ruwan makonni, su zuba a manyan ganguna tsofaffi. Matasa suka je Faransa suka dawo da ƙananan ganguna masu lita 225 da gajeren jiƙo, don giyar ta yi laushi da wuri. Elio Altare na La Morra ya sa zarto mai inji ya yanka gangunan mahaifinsa, uban ya cire shi daga gado. Bartolo Mascarello kuma, daga ɗaya ɓangaren, ya rubuta wa kwalabensa da hannu cewa ba ya son ƙaramar ganga, ba ya son Berlusconi, ɗan siyasar nan da ya yi firaministan Italiya. Tsohon namu ɗan gargajiya ne, ɗiyarsa ta shigo da ƙananan ganguna kaɗan, kuma har yanzu in maganar ta taso a tebur sai uwar gidan ta kawo wani zance.

Ana kiran Barolo giyar sarakuna, kuma sunayen da ake jingina farkonta da su manya ne: Giulia Colbert Falletti, matar mai sarautar Barolo, da Camillo Cavour, wanda ya yi magajin garin Grinzane kafin ya zama firaministan Italiya na farko a 1861. UNESCO ta sa tuddan cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Masu yawon buɗe ido suna tsayawa a bakin hanya suna ɗaukar mu hoto. Amma hannuwan da ke tsinka yawanci na baƙi ne: 'yan Masedoniya, 'yan Romaniya, da mu 'yan Afirka. Makonni biyu na farko ta hannun wani ɗan kwangila na shigo, shi ke kai mu a mota, shi ke rubuta awanni a littafinsa. Ranar biya ya cire kuɗin mota, ya cire na katifa, awannin kuma suka ragu. Ba ni da abin nunawa, domin ban rubuta komai ba. Italiya tana da dokar 2016 da ta haramta irin wannan cin gumi, sai dai doka ba ta bin mutum cikin layin inabi. Da tsohon ya ji, ya ɗauke ni kai tsaye da takarda. Tun daga ranar nake rubuta lokacin shiga da na fita a wayata kowace yamma, kuma ba na hawa motar kowa sai na ga kwantiragi.

Saura maganar da na ce zan dawo kanta. Da farko na lallashi kaina cewa inabi halal ne, ni 'ya'yan itace nake tsinka. Amma na san inda akwatunan ke zuwa, kuma na san hadisin da ya ambaci mai matsa ta da mai ɗaukar ta, ba mai sha kaɗai ba. Ranar da aka ce in taimaka a zuba inabi cikin injin matsa, na ce a yi mini uzuri. Tsohon ya dube ni ya ce, “To, ɗana, koma gona.” Bai sake neman in shiga ɗakin ba. Duk da haka raina bai kwanta ba, na kira wani malaminmu a gida, ya ce in ina da wata hanya in kama ta. Na kammala kakar saboda na riga na yi alkawari. Da shekara ta zagayo, sai na koma gonakin hazel a can saman Langhe, inda tuddan suka yi tsayi da sanyin da Nebbiolo ba ya so.

A watan Janairu na 2025 wa'adin wata 38 ya cika. Ɗiyar ta turo mini hoton kwalabe biyu a kan tebur, ɗaya ta La Morra, ɗaya ta Serralunga, kowacce da 2021 a goshinta. Ta ce mahaifinta na gaishe ni, yana kuma tambaya ko zan dawo masa da takalmansa.