Gudu da keke cikin hunturun Accra: ruwa, ƙura da hawan Aburi

Tsare-tsaren atisayen da ake rubutawa a Turai suna ɗaukar Disamba zuwa Fabrairu a matsayin watannin ɓuya. Ƙanƙara ta rufe hanya, rana na faɗuwa da wuri, mai keke ya ɗora kekensa kan na'ura cikin ɗaki yana taka feda. Na bi irin wannan tsari a hunturun farko da na yi shirin gudun fanfalaki daga Madina, unguwarmu da ke gefen Accra, sai na ga rabinsa bai shafe mu ba. A Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffinmu na Zango ke kiranta, hunturu ne lokacin da ya fi daɗin doguwar tafiya, domin laimar teku da ke shaƙe mutum sauran watanni tana ja da baya. Sanyinmu bai taka kara ya karya ba, asuba takan tsaya sama da digiri 20. Abin da ke kayar da mutum shi ne bushewar iska da ƙurar da take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke Chadi.

Ruwa zan fara da shi, don nan ne na fi yin kuskure. A watan Yuni idan na yi gudun awa ɗaya rigata sai an matse. A Janairu zufar tana bushewa tun kafin ta jiƙa riga, sai dai farin gishiri a gefen hula da kan gira. Jiki a bushe, iska na kaɗawa, ƙishirwa ba ta damu ba, sai mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba. Sikeli ne ya ƙaryata ni. Na hau ba riga kafin fita, kilo 68. Na yi gudun awa 2, na sha ruwan leda 2, wato lita ɗaya tunda kowace leda mililita 500 ce. Da na dawo na goge jiki na sake hawa, kilo 66.9. Kilo ɗaya daidai yake da lita ɗaya, saboda haka abin da ya fita lita 2.1 ne, sama da lita ɗaya a awa. Idan abin da ya ragu ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, a wurina kilo 1.4 ke nan, gudu yakan fara lalacewa: bugun zuciya ya hau alhali saurin bai ƙaru ba, ƙafa ta yi nauyi, da rana kai ya yi ta sara.

Yanzu nakan sha leda ɗaya da zarar na tashi sallar Asuba, sannan a kan hanya tsakanin mililita 500 da 750 kowace awa, kurɓi-kurɓi duk minti 15. Bayan dawowa ina mayar da ɗaya da rabin abin da sikeli ya nuna, cikin awa 3 ko 4. Kada kuma a zarce. Wanda ya dawo ya tarar nauyinsa ya ƙaru ya sha fiye da kima, kuma ruwa zalla mai yawa yana tsinka gishirin jini, abin da kan kai mutum asibiti. Don haka duk tafiyar da ta wuce minti 90 ina haɗa nawa a gida: ruwa lita ɗaya, sukari cokalin cin abinci 5 a shafe, wajen giram 60, gishiri kwatan cokalin shayi, da rabin lemun tsami. Na taɓa ninka sukarin da tunanin ƙarin ƙarfi, sai ciki ya kumbura yana ƙugi, domin ruwa mai zaƙi sosai yana jinkirin barin tumbi.

Abinci ba wuya. Kafin fita koko rabin kofi da burodi, ba ƙosai, don mai da wake ba sa shiri da gudu. A hanya jiki na bukatar giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a awa. Ayaba ɗaya tana ba da wajen giram 25, ƙaramin dabino wajen giram 5, sai in zuba guda 10 a aljihun baya. Waakye, wato shinkafa da wake, da ƙwai sai an dawo.

Ƙura kuma sai an yi mata lissafi kowace safiya. Mutum a zaune iskar da yake shaƙa ba ta kai lita 10 a minti ba, amma a tsananin gudu takan wuce lita 100, kuma ta baki, inda babu gashin hanci mai tacewa. Ma'ana ranar da hazo ya sauka, mai gudu ya fi mai zaman shago shan ƙura ninkin ba ninkin. Ina duba ma'aunin ingancin iska a waya, irin na IQAir. In lambar tana ƙasa da 100, ina bin tsarina. Tsakanin 100 da 150 ina soke gudun sauri, in yi sassarfa ta minti 40 da baki a rufe. In ta haura 150 ba na fita, sai tsallen igiya, tsugunne-tashi da ɗaga duga-dugai a cikin ɗaki. Ranar da ba data, ido ma ya isa: idan na kai Oyarifa, a kan hanyar Aburi, ban hango tsaunin Akuapem da garin Aburi ke kai a gabana ba, juyawa nake yi.

Takunkumi na gwada iri biyu. N95 yana tare ƙura da gaske, amma cikin minti 20 ya jiƙe ya manne a fuska, numfashi ya gagara. Na ƙyalle ba ya tare ƙananan ƙwayoyin da ke shiga huhu, amfaninsa ɗaya: yana ɗumama iskar yana ba ta ɗan danshi, kuma busasshiyar iska ce ke tsuke hanyoyin numfashi ta kawo tarin nan na bayan gudu. Ina sa shi minti 15 na farko, in sauke. Man kaɗanya kaɗan a bakin hanci, leɓe, tsakanin cinyoyi da dunduniya yana hana haɓo, saɓa da faso. Faso ba abin raini ba ne, tsaga ɗaya a dunduniya tana canza yadda kake taka ƙasa, kwana 3 sai gwiwa ta fara magana. Da dare ina wanke hanci da ruwan da aka tafasa ya huce, rabin lita da gishiri ɗan ƙasa da cokalin shayi. Mai asma ya ga likita tun a Nuwamba. Mura da ta tsaya a hanci ba ta hana sassarfa, amma in ta sauka ƙirji ko jiki ya yi zafi, a ajiye takalmi a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Tsarin da ya karɓe ni na mako 10 ne, daga farkon Disamba, ina auna gudun fanfalakin Legas da aka saba yi a Fabrairu tun 2016, kilomita 42.195. Gudu kwana 4, keke kwana 2, Juma'a hutu. Na fara da kilomita 40 a mako, ina ƙara abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kowane mako na huɗu kuma in rage kashi ɗaya cikin uku don jiki ya murmure. Dogon gudun Lahadi ya tashi daga kilomita 16 zuwa 30, sannan mako 2 na ƙarshe aka yi ta ragewa. Kashi 80 na aikin a hankali ake yinsa, saurin da za ka iya hira da abokin tafiya jimla cikakkiya ba haki. Nan ne hunturu ke yaudara. Iska ta yi sauƙi, sai ka ga kana cin kowace kilomita da daƙiƙa 20 ƙasa da yadda ka saba, daɗi ya ɗebe ka ka mai da kowace rana ranar tsere. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, agara da ƙashin ƙwauri kuwa sai sun ɗauki watanni. A mako na biyar na shekarar farko agarata ta kumbura, na rasa kwana 12. Tun daga nan sauri rana ɗaya ce tak, Talata, a tudun Legon da ke hawa zuwa babban zauren Jami'ar Ghana: ɗumama jiki minti 15, hawa na minti 2 sau 6, saukowa da sassarfa. Ɗumamawar ba ta tsallakuwa, don da asuba jijiya a sandare take. Takalmi kuma ina rubuta ranar da na fara sa shi, in ya ci kilomita 600 zuwa 800 ya koma na zuwa kasuwa.

Keke shi ke ba ni awanni ba tare da dukan kwalta ba. Asabar nakan tashi daga Madina, in bi Adenta, Pantang, Oyarifa, zuwa Ayi Mensah inda hawan yake farawa, wajen kilomita 5 zuwa Peduase, sannan Aburi. In akwai ƙarfi sai Mamfe, a sauko ta Larteh zuwa Ayikuma, a dawo ta Dodowa da Oyibi. A hawan ina zaɓar giya mai laushi, ƙafa na juyawa sau 75 zuwa 85 a minti, a shimfiɗaɗɗiyar hanya 85 zuwa 95. Masu taka giya mai tauri don burge jama'a su ne ke riƙe gwiwa a Peduase. Safiyar Asabar hanyar cike take da masu tattaki, wasu da kiɗa a kunne, sai a yi ta ƙararrawa.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Ka kai sama riga a jiƙe, iskar tsauni ta fi ta gari sanyi, ga gudun kilomita 50 a awa, nan da nan yatsu sun sandare a kan birki. Ina ɗaukar siririyar rigar tare iska, in na manta in tura tsohuwar jarida a ƙirji, dabarar da 'yan tseren Turai suka daɗe suna yi a tsaunukansu. Birki ana kama shi kafin kwana, a saki a ciki, ba a danne shi tun daga sama har ƙasa don kada rim ya yi zafi. Rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 6, kuma cikin hazo direban trotro, ƙaramar motar haya, ba ya ganinka sai ya zo daf da kai. Jar fitila mai ƙyaftawa a baya, fara a gaba, a kunne har bayan hantsi, da riga mai ɗaukar ido da hular kwano. Tabarau mai haske ba don ado ba, ƙura a ido cikin gangara ta isa ta kai mutum kwata.

Sarƙa ce ta ci mini kuɗi kafin in gane. Mai gyaran da nake kai wa ya shafa yatsa a kanta ya nuna mini baƙin ƙulli mai gautsi, ya ce, “Malam, wannan ai dutsen niƙa ka ɗaura wa kekenka.” Gaskiyarsa. Mai mai danƙo, balle baƙin man inji, yana kama ƙura, su haɗu su zama abin wasa wuƙa, su cinye fil-fil na sarƙa da haƙoran giya. A hunturu ina goge sarƙa da busasshen tsumma duk dawowa. Sau ɗaya a mako in wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ina kiyaye roban birki da taya, in bar ta ta bushe sarai. Daga nan man sarƙa na rani mai bushewa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ya kwana, da safe a goge na waje tas. Man da ke aiki yana cikin gaɓa, wanda ido ke gani ƙura kawai yake tarawa. Wasu suna tsoma sarƙa cikin narkakken kyandir, yana kai kilomita 250 zuwa 300 kafin a sake, kuma hannu ba ya baƙi. Gwajin lalacewa da rula ake yi: gaɓa 12 cikakku, kowace ta haɗa ta ciki da ta waje, na sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. In ta miƙe da milimita 1.6 a canza ta, in ta kai milimita 3 to giyoyin baya ma sun tafi, sabuwar sarƙa tsalle za ta riƙa yi a kansu. Kada a kai keke wurin wankin mota a feshe shi da ruwa mai ƙarfi, yana tura ƙura cikin boris ya wanke giris. Bokiti da soso sun wadatar. Taya mai faɗin milimita 28, a nauyina, ina ba ta iska 70 zuwa 75 a ma'aunin famfo. Da nake cika ta har 100 keken tsalle yake yi a kan tsakuwa, kuma yashin da iska ke tarawa a gefen titi yana kwashe ta.

Azumi yana ta matsowa cikin wannan lokaci, tunda kowace shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11, na 2026 ma a Fabrairu ya kama. Idan ya faɗo cikin tsari, dogon gudu da rana ba ya cikin lissafi. Ina yin sassarfa ta minti 30 zuwa 40 da za ta ƙare daf da shan ruwa, aiki mai nauyi kuma sai bayan Tarawih, kuma ina rage jimlar mako kusan rabi.

Wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris laima tana dawowa, saurin da ka saba a Janairu ya gagara, bugun zuciya ya ƙaru. Jiki na bukatar kwana 10 zuwa 14 ya sake sabawa da zafi, don haka ina sassauta gudu a makonnin nan. Ruwan farko kuma yana haɗa ƙurar wata 3 da man motoci ya mai da kwanonin Peduase kamar an zuba kuɓewa. Ranar ba na hawa tsauni, ina zama in wanke sarƙa in koma mai na damina.