Cook, Garin da Ƙishin Jirgi Ya Kafa

Da daddare muka bar Adelaide, ni da ƙanena da ke karatu a can, a jirgin ƙasan da ake kira Indian Pacific, wanda tun 1970 yake ratsa Ostiraliya daga Sydney zuwa Perth, tafiyar kilomita 4,352. Muna barci aka wuce Port Augusta. Da gari ya waye na ɗaga labulen taga na ga jan rairayi da gajerun itatuwa. Can da rana ta ɗaga, itatuwan ma suka ɗauke ɗif, ya rage fili fetal da wasu guntayen tsirrai masu launin toka da ba su wuce gwiwa ba.

Mun shiga Nullarbor ke nan. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa babu bishiya, kuma wanda ya raɗa shi bai yi ƙarya ba. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ce, ɗan ruwan da ke sauka sai ya zurare ta ramuka ya ɓace, ba rafi ba tafki. A nan ne layin dogo yake miƙewa sambal har kilomita 478 ba tare da ya karkata ko kaɗan ba, kuma duk duniya babu miƙaƙƙen dogo da ya kai shi tsawo. Na daɗe ina kallon taga har na rasa gane ko tafiya muke ko tsaye muke.

Sai ƙanena ya taɓa ni ya ce, "Yaya, ga bishiyoyi can." Na duba, tabbas ga su, 'yan kaɗan, da tankunan ruwa da rufin kwano na ƙyalli a tsakaninsu. Jirgi ya rage gudu ya tsaya. Wannan shi ne Cook.

Ana sauke fasinja a nan su miƙe ƙafa yayin da ake zuba wa jirgi mai da ruwa. Ina taka ƙasa zafi ya doki fuskata, ƙudaje suka yo caa. Amma abin da ya fi kama ni shi ne shirun wurin. Da na yi ɗan nisa da taragu, ban ƙara jin komai ba sai iska da takun takalmina a kan tsakuwa.

Babu wanda zai zaɓi nan ya kafa gari don noma ko kiwo ko kasuwa. Dogo ne ya kawo shi. Lokacin da yankunan Ostiraliya suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya a 1901, mutanen yamma sun shiga ne da alkawarin za a haɗa su da gabas ta jirgin ƙasa. A 1912 aka fara aiki daga ɓangarori biyu, Port Augusta da Kalgoorlie, nisan kusan kilomita 1,700, raƙuma na ɗauko wa leburori ruwa da kaya. A watan Oktoban 1917 layukan biyu suka haɗu. A shekarar aka kafa Cook, aka sa masa sunan Joseph Cook, tsohon firaministan ƙasar.

Duk tsawon wannan layi bai tsallaka kogi ko ɗaya mai ruwan sha da ba ya ƙafewa ba, ga shi injin wancan zamani da tururi yake tafiya, ba ya motsi sai ya sha ya ƙoshi. Kusan rabin nauyin da jirgi ke ja a lokacin ruwan injinsa ne. Saboda haka aka jera ƙananan tasoshi a hanya, aka zaunar da 'yan reluwe da iyalansu, masu gyaran dogo da masu zuba ruwa da kwal, da direbobin da ke karɓar juna. Cook yana cikin manyansu.

Na zaga garin, don ba ya ɗaukar lokaci. Ga makarantar mai hawa biyu tana nan a rufe. Ga wurin ninƙayar da aka cike da ƙasa. Ga wasu 'yan ɗakunan kwano guda biyu, kowanne da ƙyar zai ɗauki mutum a kwance, su ne kurkukun garin a da. Na leƙa ɗaya na ja da baya saboda hucin da ke fitowa. Har asibiti sun taɓa yi, wanda ke karɓar marasa lafiya daga tasoshin da ke nesa. Kowane mako jirgin da ake wa laƙabi da Shayi da Sukari yakan iso musu, da taragon mahauci da na kanti da wurin ajiyar kuɗi. Ranar zuwansa ita ce ranar kasuwarsu, kuma haka aka yi daga 1917 har 1996.

A gaban makarantar na fi daɗewa. Mutanen da aiki ya jefo nan ba su ɗauki zaman a matsayin zango ba. Sun haifi 'ya'ya, sun sa su aji, sun dasa bishiya a inda sunan ƙasar kansa ya ce ba ta fita, kuma ruwan da suka shayar da ita sai da aka sha wahala kafin a same shi. Ina ganin girman wannan ƙwarai, ya taɓa mini zuciya.

Abin da ya kafa garin shi ya kwashe shi. Injin dizal ya shigo a farkon shekarun 1950, bai buƙatar tsayawa shan ruwa a kowace tasha. Daga baya aka maye katakan da ke ƙarƙashin dogo da na kankare, masu gyara suka ragu. A 1997 gwamnati ta sayar da harkar jirgin ga 'yan kasuwa, iyalai suka tattara suka tafi. Waɗanda ke zaune yanzu ba su cika yatsun hannu biyu ba, aikinsu kula da man jirgi da ɗakunan da direbobin jirgin kaya ke kwana. Ruwan da suke sha ma jirgi ke kawo musu.

Akwai wani ruwan da ban iya mantawa ba ina tsaye a wurin. Da safe mun wuce Ooldea, a bakin filin ta gabas, inda ruwa ke kwance a ƙarƙashin rairayi ba ya ƙafewa. Tun kaka da kakanni 'yan asalin ƙasar, Aborijin, ke tahowa daga nesa su haɗu a can. Masu dogo suka kafa famfo suna ja ba ƙaƙƙautawa, suka huda laƙar da ke riƙe ruwan, zuwa 1926 rijiyar ta lalace aka daina amfani da ita. Ba ta yi shekara goma a hannunsu ba. Daga baya, a 1956 da 1957, Birtaniya ta gwada makaman nukiliya a Maralinga, arewa da wannan layin, a ƙasar mutanen nan. Wanda ya tausaya wa iyalan Cook da suka bar gidajensu, dole ya fara tausaya wa waɗannan.

Jirgi ya yi ham, muka koma tarago. Wata mata sanye da rigar aiki mai ɗaukar ido ta tsaya gefen dogo tana ɗaga mana hannu har taragon ƙarshe ya wuce ta. Na manna goshina a gilashi ina waiwaye. Rufin kwanon ya fara ɓacewa, sai tankunan, bishiyoyin ne suka daɗe ana hango su. Saura sama da kilomita 800 mu kai Kalgoorlie.