Na je Ingila na koma hawan keke

Mako guda ke nan da dawowata, amma cinyoyina ba su yafe mini ba tukuna. Ɗan yayata da ke karatu a Biristol ne ya jawo mini. Na kai masa ziyara a ƙarshen watan Agusta, saura kwana biyar in taso sai ya ce, "Kawu, gobe mu hau keke mu shiga ƙauyuka." Na dube shi sama da ƙasa. Wato kuɗin jirgin da na biya daga Kano na zuwa tuƙa keke ne? Rabona da feda tun Raleigh ɗin mahaifinmu mai sirdi naɗe da tsumma. A unguwarmu kuwa mai furfura ya fito a kan keke, kafin la'asar an gama yaɗa cewa karayar arziki ta same shi.

Da muka je wurin haya aka ce fam talatin a yini, sai na ce a bar maganar. Yaron ya leƙa Facebook ya samo wani ɗalibi da zai bar gari yana neman rabuwa da nasa a fam saba'in. Na taya arba'in. Ɗan yayata ya riƙa taka mini ƙafa wai ba a haka a nan. Aka yi sallama a hamsin, har da famfo da kwaɗo. Da na sunkuya na duba tambarin gaban, Raleigh ne, ga Nottingham rubuce a jiki. Na yi dariya ni kaɗai. Bambancinsa da na Baba shi ne wannan yana da giya, ta keke nake nufi.

Hanyar Biristol zuwa Bath mil 13 ce, kwalta lafiyayya, kuma babu mota ko ɗaya. Babu babur, babu a-daidaita-sahu, babu mai danna maka hon a ƙeya. Tsohon layin dogo ne. A shekarun 1960 gwamnatinsu ta rufe layuka da tashoshi masu yawa bisa rahoton wani Richard Beeching, wai ba sa kawo riba. Wannan layin ya zama kango, sai wasu masu son keke a Biristol suka kafa ƙungiya a 1977, wadda daga baya aka sani da Sustrans, suka fara gyara shi a 1979 suka gama a 1986, har da aikin gayya. Da yake jirgin ƙasa ba ya son tudu, duk inda ƙasar ta tashi an sare ta, inda ta faɗa an cike ta. Tuddai suna hawa suna sauka dama da hagu, kore shar kamar an shimfiɗa darduma, tumaki birjik babu makiyayi, kai kuwa kana tafiya a miƙe. Abin da ya cece ni ke nan.

Ina tuƙi ina tuna ƙaramin layin nan na Zariya zuwa Jos da aka rufe tun 1957. Da an yi masa irin wannan, da yau manoma suna kai tumatur kasuwa ba tare da tirela ta hankaɗa su rami ba.

Kuskurena na farko hannu. Mu mun koma hannun dama tun 1972, su suna nan a hagunsu, har a hanyar keke. Wata tsohuwa da ba za ta gaza saba'in ba ta taho a guje, muka kusa gwabzawa, ta kauce ta ce in yi haƙuri. Ni ne da laifi, ita ke ba da haƙuri. Na lura haka suke: ka taka mutum ya ce ka yi haƙuri, amma ka yi masa sallama ka tambayi iyali, sai ya tsorata.

A Warmley sun mai da ɗakin jiran fasinja wurin shan shayi. Kofi biyu da yankan kek biyu suka ci kusan fam goma sha biyu, shayin ma ruwa-ruwa, ba kauri. Na fara lissafi da naira, yaron ya ce, "Kawu, don Allah ka daina, hawan jini za ka jawo wa kanka." A Bitton muka tarar da jirgin ƙasa mai aiki da kwal yana huci kusa da hanyarmu, dattawa 'yan sa-kai ne ke tafiyar da shi don sha'awa kawai, hannuwansu duk baƙin mai, suna murna kamar yara ranar sallah.

Bath ban ji daɗinta ba. Gari ne mai kyau, gidaje duk na dutse mai ruwan zuma, amma tsada ta ɓata shi. Akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da Rumawa suka gina wa wurin wanka kusan shekara dubu biyu da suka wuce, ruwan yana fitowa da zafin digiri 46. Ka biya kuɗi masu ciwo ka shiga, sannan a ce kada ka taɓa ruwan. Ni da na yi iyo a Wikki ta Yankari har yatsuna suka yi yaushi, na ce a kai kasuwa.

Washegari ne abin mamaki. Daga Bath akwai wata hanyar da aka buɗe a 2013, ita ma tsohon layin dogo, wadda ta huda ƙarƙashin tudu sau biyu. Ramin farko gajere ne. Na biyu, Combe Down, mita 1,672, ya ɗara mil guda. Muna shiga sanyi ya buge ni kamar an buɗe firji. Fitilun ciki dishi-dishi, bango baƙi ƙirin da hayaƙin jiragen da, ba ka ganin ƙarshe. Muna tsakiya sai na ji kiɗa a hankali, kamar goge, yana fitowa daga bango. Na ja birki na fara a'uziyya. Yaron ya yi dariya har kekensa yana tangaɗi, ya ce na'ura ce aka saka don nishaɗi. Na ce wanda ya kawo wannan shawara bai taɓa jin labarin aljanu a kan kuka ba.

Muka fito cikin kwari mai itatuwa, muka gangara ta Monkton Combe zuwa kanal ɗin Kennet da Avon. In ka san kanal ɗin Kadawa, to ba irinsa ba ne, wannan ba na noman rani ba ne. Hanyar dakon kaya ce da aka gama a 1810, doki ne ke jan jirgin ruwa daga gefe, kuma turbar dokin ce yanzu ta zama ta masu keke da masu tafiya a ƙasa. A Dundas kanal ɗin ya haye kogin Avon a kan gadar dutse. Ruwa a sama, ruwa a ƙasa, jirgi na wucewa ta kan gada. Na daɗe a tsaye.

Gefen turbar cike yake da wata ƙaya mai baƙaƙen 'ya'ya masu zaƙi da ɗan tsami, bilakberi suke ce mata, ba mai ita, kowa ya tsinka, kamar magarya a dajinmu. Shi ne kaɗai abin da na ci kyauta a ƙasar. Ina cikin tsinka wani ganye ya shafe ni a hannu, ya fi ƙarara ƙaiƙayi. Ƙayar kuma ta rama, don ba mu yi nisa ba tayar baya ta sace.

Nan na san ina baƙuwar ƙasa. A Kano ba ka tura keke taku ɗari ba ka ga mai faci a gindin bishiya ba. Nan babu, kowa mai facin kansa ne, mu kuwa ba mu riƙo komai ba sai famfo. Muna turawa sai wani dattijo ya leƙo daga cikin ɗaya daga jiragen nan dogaye sirara da mutane ke kwana a ciki. Ya kife keken, ya zare tub, ya kawo roba da ruwa ya riƙa nutsa shi yana neman inda kumfa ke fita, ya kankare, ya shafa gam, ya hura, ya manna. Wallahi sak mai facin bakin Kasuwar Rimi, sai dai wannan tsohon malamin makaranta ne da ya sayar da gidansa ya tare a ruwa. Matarsa ta kawo shayi, wannan karon mai kauri. Ɗakinsu faɗinsa bai wuce in miƙa hannuwana biyu ba, ga murhun itace, ga littattafai. Da na ce zan yi salla ya ja karensa ciki ya rufe ba tare da na roƙa ba. Na miƙa masa kuɗi, ransa ya ɓaci. Sai na ɓare masa goro. Ya gatsa, fuskarsa ta tattare, ya haɗiye da ƙyar, ya ce yana da daɗi ƙwarai. Ƙaryar kunya ba mu kaɗai ke yin ta ba.

A Bradford-on-Avon muka kwana. Akwai wani ƙaton rumbun dutse na ƙarni na 14 da ake kira rumbun ushiri, tun zamanin da manomi ke fitar da ɗaya bisa goma na amfanin gonarsa ga coci. Shiga kyauta ne.

Rana ta uku ruwan sama, tsakuwa da taɓo har Devizes. Can ne kanal ya hau tudu ta ƙofofin ruwa 29, goma sha shida a jere kamar matakala, jirgi kan shafe wajen awa biyar yana hawa. Ni ma turawa na yi.

Devizes ba ta da tashar jirgin ƙasa, sai da muka ƙara tuƙi zuwa wani gari. Can wani ma'aikaci ya hana mu shiga da kekuna wai ba mu kama musu wuri tun da wuri ba, yana magana yana kallon agogo, ko fuskata bai duba ba. Awa guda muka yi a jiƙe muna jiran na baya. Keken na bar wa yaron, na ce kada ya sayar ƙasa da sittin.