Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarun da Ruwa da Wuta Suka Zama Lissafi Ɗaya

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a lokacin da na bar hannun maigidana, na fara cin gashin kaina a aikin famfo da haɗa wuta a Kano. Yau mun iso shekarun 2023 da 2024. Duk wanda ke wannan sana'a ba shi da wani labari a waɗannan shekaru da ya wuce na ruwa da wuta, don haka zan ajiye kaina gefe guda in shimfiɗa abin da aikin ya ƙunsa, ko Allah zai sa wani magidanci ya amfana.

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Sannan a Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, aka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. A wancan makon ne mutane da yawa suka gane cewa ruwan da suke sha ma wuta ce ke kawo shi. Matatun Tamburawa da Challawa da injina suke tura ruwa, rijiyar burtsatse da wuta take aiki, shi kuma ɗan garuwa a wurin mai burtsatse yake saye, mai burtsatsen kuma mai ya zuba wa janareto. Ranar da mai ya tashi, washegari jarka ta tashi.

Magidanci ya fara da sanin abin da gidansa ke sha. Yawancinmu mun san kuɗin da muke ba ɗan garuwa, amma ba mu san lita nawa muke amfani da ita ba. Jarkar da ake ɗorawa a kura lita 25 ce. Gidan da babu shawa babu injin wanki, mutum ɗaya kan ci lita 40 a rana idan an haɗa sha da girki da wanka da alwala da wanki da banɗaki. Gida mai mutum takwas ke nan lita 320, jarka 13. A ƙirga jarkokin da suka shigo gida na mako guda, a ninka da 25, a raba bakwai, a sake rabawa da yawan mutanen gida. In an ga lissafin ya wuce lita 60 ga mutum ɗaya, to akwai inda ruwa ke zurarewa.

Wuraren zurarewar sanannu ne. Kan famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 20 a yini da kwana, kuma maganinsa sau da yawa 'yar robar ciki ce da ta cinye. Tankin masai na zamani kan saki lita 6 zuwa 9 a kora ɗaya, tsofaffin sun fi haka. In robar ƙasansa ta saki, ruwa zai yi ta silalewa cikin kwano shiru babu ƙara. A ɗiga shuɗin wanki kaɗan a cikin tankin, a jira minti 20 ba tare da an kora ba. In launi ya bayyana a kwano, robar ta mutu. Sai alwala. Wanda ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba har ya idar zai iya kashe lita 5 ko fiye, buta kuwa ba ta kai rabin haka ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, mudun kuma bai cika lita guda ba. Ruwan ɗaurayar kaya na ƙarshe bai kamata ya tafi kwata ba, a tara shi a bokiti don kora masai da wanke tsakar gida.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Mutane suna zuwa da maganar batir da inbata, alhali abin da gidansu ya fi buƙata tanki ne. Ajiyar wuta tsada gare ta, batir kuma yana tsufa cikin 'yan shekaru. Ajiyar ruwa kuwa sau ɗaya ake biya. Sumo, wato injin da ake nutsarwa cikin burtsatse ya turo ruwa, mai ƙarfin doki ɗaya yana jan kusan wat 1,000. In rijiya na da ruwa sosai kuma zurfinta bai yi yawa ba, zai cika tankin lita 2,000 cikin awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Wato da yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi an samu jarka 80, ruwan kwana shida ga gidan mutum takwas. Ko a farashin Band A wannan bai wuce 'yan ɗaruruwan naira ba. In da janareto za a yi, sai an ƙona lita ɗaya ko fiye ta fetur. Saboda haka duk lokacin da aka kawo wuta, ko da ƙarfe biyun dare ne, aikin farko shi ne a cika tanki, guga da kallo su biyo baya.

Sai dai sumo yana da abubuwan da ke kashe shi, kuma kusan duk wanda ya ƙone ɗaya daga cikin uku ne ya ci shi. Na farko aiki babu ruwa. Ruwan da yake zaune a ciki shi ke sanyaya shi. Ƙasar Kano kan dutse take, ruwan ƙarƙashinta a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogi yake taruwa, ba tafki ba ne a ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu ruwan yana ja baya, rijiyar da ke ba da ruwa awa guda a Oktoba sai ta ƙafe cikin minti 20. Alamar ita ce ruwa ya fara fitowa da tari, yana tofo iska. Da an ji haka a kashe nan take, a ba rijiyar minti 40 zuwa awa guda ta sake tarawa. Gara a ja sau uku a hankali da a ja sau ɗaya a ƙona inji. Akwai 'yar na'urar da ke yanke wuta da kanta in ruwa ya ƙare, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sabon sumo ba.

Na biyu raunin wuta. In ƙarfinta ya faɗi ƙasa da volt 190, injin zai yi ta gurnani yana jan wuta fiye da ƙima har wayar cikinsa ta gasu. In an ga kwan lantarki ya yi ja-ja, fanka na juyawa da ƙyar, kada a kunna. Haka ƙaramin janareto: lokacin tashi sumo na jan ninki uku ko fiye na abin da yake ci yana tafiya, don haka mai doki ɗaya yana son janareto na 2.5 zuwa 3 kVA, kuma a cire firji da dutsen guga kafin a tayar. In sumo ya yi ƙugi bai tashi ba, a fara duba kapasitar da ke cikin akwatinsa na bango kafin a ce a ciro shi. Sau da yawa ita ce kawai ta kumbura.

Na uku yashi da mugun haɗi. Ba a sauke sumo har ƙasan rijiya, ana barin mita 3 ko fiye tsakaninsa da ƙasa don kada ya zuƙi yashi. A ɗaure shi da igiyar nailan mai kauri, kada nauyinsa ya rataya a kan waya. Wayar ta zama mai kaurin 2.5mm, haɗin da zai nutse a ruwa kuma a yi shi da abin haɗi na musamman da ruwa ba ya ratsawa. Wanda ya naɗe shi da salatif kawai don sauƙi zai biya kuɗin ciro inji kafin shekara ta zagayo. Araha ba ta ado.

Shi tankin kansa, a tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Cikakken tankin lita 2,000 tan biyu ne a saman ƙarfe, a gidan da yara ke wasa a ƙasa. Ƙafafun su shiga kankare, a shimfiɗa katako ko faranti a ƙarƙashinsa yadda duk gindin zai zauna daidai, domin tankin da ya zauna kan sanduna biyu kawai tsagewa yake yi. Tsawon mita 4 zuwa 6 ya isa gida mai hawa ɗaya. Murfi a rufe kullum saboda sauro da ƙura da haske, hasken rana shi ke haifar da gansakuka. A wanke shi duk bayan wata uku zuwa shida. Wanda ba shi da burtsatse ma tanki ko duro biyu na lita 200 za su yi masa rana, don ruwan da aka saya da yawa lokacin da yake samuwa ya fi araha a kan wanda aka nema ranar da kowa ke nema.

Da damina kuwa rufin kwano rijiya ce. Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ya kai mita 10 sau 10, in aka yi ruwa mai kyau na milimita 20, zai zubo lita 2,000, a cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da yoyo. A bar ruwan farkon damina da na mintocin farko na kowane ruwa ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan a juya indararo cikin tanki ta kan rariya.

Ruwan sha ba a yi masa ganganci, musamman a unguwannin da rijiya da ramin masai ke maƙwabtaka. Tazarar mita 30 ake so a tsakaninsu, filayenmu kuma ba kasafai suke ba da haka ba, shi ya sa amai da gudawa ke dawowa da damina. In ruwa ya yi gurɓi, a sa ɗan alif ko dakakken ƙwallon zogale ya kwanta, a tsiyaye na sama. Wannan yana kwantar da laka ne kawai, bai kashe ƙwayoyin cuta ba. Sai an bi da maganin kulorin bisa ma'aunin da ke jikin kwalbar a jira minti 30, ko a tafasa. Kulorin ya fi sauƙi nesa, don tafasa jarka guda gas mai yawa yake ci. A zuba a randa mai murfi da moɗa ɗaya mai mariƙi. Randa a inuwa kan jiƙaƙƙen yashi tana ba da ruwan sanyi ba tare da yunit ko ɗaya ba. Da wannan hikimar ce marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a Jigawa, yashi mai laima a tsakani, don adana tumatir da ganye, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

A ɓangaren mita, abin da ke cin kuɗi shi ne duk abin da ke yin zafi ko sanyi. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa guda. Dutsen guga, hitar ruwa, da murhun lantarki kowanne 1,000 ne ko fiye. Fankar sama kusan 75, fanka mai caji 15 zuwa 30. Tsohon kwan 60 da na LED mai 9 haskensu kusan ɗaya. A tara guga a yi sau ɗaya a mako. Firji a ja shi taƙi guda daga bango, a gwada robar ƙofarsa da takarda: in an rufe takardar ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na fita. Firiza a cika ta da robobin ruwa, ƙanƙarar za ta riƙe kaya kwana guda ko fiye in an ɗauke wuta.

Girki a taƙaice: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, da ta tafasa a rage wuta don ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi. Shinkafa in ta tafasa minti 5, a sauke a naɗe tukunyar da tsohon bargo cikin kwando, bayan minti 40 ta nuna. Harshen gas shuɗi ake so, in ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya to ramukan kan murhu sun toshe. A shafa kumfar sabulu a bakin tukunyar gas da tiyo, in ta yi ƙwai akwai yoyo. Nauyin tukunyar gas ɗin lokacin da babu komai a cikinta a rubuce yake a jikinta, a auna kafin a zuba da bayan an zuba.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya. Kada a kwana da janareto a ɗaki, ko a soro a rufe, ko a gindin taga, haka ma kurfoti mai garwashi lokacin hunturu. Iskar da ke kisa a hayaƙinsu ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da kasala, mutum ya yi barci bai farka ba, kuma gida guda take ɗauka. A ajiye shi a fili, mita 5 ko fiye daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin yana kallon waje.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga lokacin da sola ta cika rufin gidaje, da yadda ake lissafin faranti da batir kafin a je kasuwa, da dalilin da ya sa sumo mai aiki da rana kai tsaye ba ya buƙatar batir ko ɗaya.